Gyaran kicin a Gusau: ina murhu zai zauna, ina wurin wanke-wanke?

Maman Ummi, Gusau

Assalamu alaikum. Muna gyaran gida, an zo kan kicin. Ƙafa 10 ne a 12, ƙofarsa tana fita tsakar gida, taga ɗaya ce a bangon gabas. Magini ya ce a zuba kantar siminti a bango uku, kafinta kuma ya ce a bar masa ya haɗa ta katako. Da gas muke girki, sai ranar taro ake hura itace. Akwai firji da firiza. Don Allah masu sani, me ya kamata a sa a ina?

Baban Sadiq, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada a cinye bango uku. A yi kantar a biyu, ta bi bangon taga ta karya kwana, na ukun a bar wa firji da firiza. Firiza kaɗai tana cin kusan ƙafa 4, ga marfinta sama yake buɗewa, ba a rataya komai a samanta.

Zurfin kanta ƙafa 2, tsayinta ƙafa 3, amma daga saman tayil ake aunawa. Magina da yawa daga ɗanyen daɓe suke ɗaukar awo, yashi da tayil su zo su cinye inci 2. Inda aka fi kuskure shi ne mazaunin murhu. Murhun gas na kan tebur yana ƙara inci 4 zuwa 5, ga tsayin tukunya, sai bakinta ya kai wa mai girki ƙirji. A haka ba a tuƙa tuwo, domin muciya na son a danne ta daga sama. Shi ya sa za ki ga an kashe kuɗi an yi kanta, ƙarshe an sauke murhu ƙasa an jawo kujera 'yar tsuguno. A sauke wannan ɓangaren zuwa inci 28 ko 30. Mafi kyau ma ki tsaya a wurin da tukunyarki da muciya, a ja layi a bango daidai hannunki.

Kantar ta zama ta kankare mai kaurin inci 3 da rodi mai lamba 10, a kan ƙafafun bulo. Kafinta ya yi ƙofofi kawai. Katakon nan na garin itace da ake matsewa, da ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, sauran kuma gara ta ƙarasa. A ɗaga cikin durowa inci 4 daga ƙasa saboda ruwan wanke ɗaki.

Mai Famfo, Jega

Wurin wanke-wanke ya shiga ƙarƙashin taga, murhu ya koma ɗaya bangon. In murhu na bakin taga iska za ta riƙa kashe wuta gas na ci gaba da fita, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, feshi zai shigo. A sa wa tagar 'yar rumfa da raga.

Bututun fitar ruwa a sa inci 2, ba 1½ da aka saba ba. Ƙanzo da maiƙon miya su ne ke daskarewa su toshe shi. Gangarensa kwatan inci a kowace ƙafa, a rage kwana-kwana, a sa lanƙwasar nan mai riƙe ruwa a ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, ita ke tare wari da kyankyaso. A waje ya fara zuba a ƙaramar chamba mai marfi kafin ya wuce sokawe, don a riƙa kwashe maiƙo. A saki ruwa a duk bututun a bar shi ya kwana don a ga ko akwai yoyo kafin a manna tayil ko ɗaya.

Hajiya Inna, Talata Mafara

Duk sun faɗi daidai, amma maza ne. Tukunyar taro ba ta shiga kwamin nan na ƙarfe ko an yi mata dole. A yi wani wurin wanke-wanke a tsakar gida kusa da ƙofar kicin, mai daɓe da famfo a tsayin gwiwa, rumfar itace da turmi a gefensa. Daka a kan tayil fasa shi yake yi. Tsakanin kwami da murhu a bar fili ƙafa 3, nan ake yanka da ajiye abin da aka wanke. Buhun shinkafa da gero a ɗora su kan katako, kada su jingina da bangon da bututu ya bi. Gawayi kuma ko da sanyin hunturu ba a kunna shi a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Injiniya Bello, Gusau

Tukunyar gas ta fita waje, cikin keji mai inuwa da iska, a huda bango tiyo ya wuce ta cikin bututu don kada siminti ya goge shi. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka rufe tukunyarsa cikin durowa ganganci ne. Bayan an ɗaura, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa, kumfa na tashi akwai yoyo.

Soket huɗu a saman kanta, da waya mai lamba 2.5, kowanne ya nisanci kwami da murhu aƙalla ƙafa 1. Firji da firiza a ba su layinsu daban, a bar inci 4 a bayansu. Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, firjin da aka manna da bango ko aka jera da murhu injinsa ba ya hutawa.

Maman Ummi, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To taga ɗayar nan ta isa?

Injiniya Bello, Gusau

Ba ta isa ba Hajiya. A fasa ƙarama can sama a bangon da ke kallonta, ko a sa fanka mai zuƙe hayaƙi ta inci 10 a saman murhu. A ja mata waya tun kafin a yi filasta.