Dan Allah ku ba ni shawara, daulata a Stellaris ta maƙale saboda na zaɓi ƙin yaƙi

Sadiq_Taurari: Salam ƴan uwa. Wlh kaina ya kulle. Sati uku kenan ina kan sebin (ajiyar wasa) guda ɗaya a Stellaris, wasan kwamfutar nan na gina daula a sararin samaniya, ayonman ne kuma, wato tsarin da in ka yi kuskure babu komawa baya. Tun wajen ƙirƙirar daula na zauna kusan awa biyu, na yi wasu halittu masu kama da tsuntsaye, har labari na rubuta musu cewa yaƙin basasa ya kusa ƙarar da su a duniyarsu ta asali shi ya sa suka yi rantsuwa ba za su ƙara fara ɗaga makami a kan kowa ba, na zaɓa musu tuta shuɗiya, sunayen jirage ma ɗaya bayan ɗaya nake sakawa. Maki 3 ɗin da ake bayarwa na aƙida sai na zuba 2 a kan tsananin ƙin yaƙi, ɗayan na sa a son baƙi. Da farko komai lafiya lau, jama'a na cikin kwanciyar hankali, kasuwanci na tafiya. Yanzu muna shekarar 2291, maƙwabcina wata daula ce ta mulkin kama-karya mai ƙin baƙi, ta tare mini hanyar fita ɗaya tilo da nake da ita, kuma ta cinye wata ƙaramar daula da muke ƙawance tana korar mutanensu, ƴan gudun hijira sai shigowa suke duniyoyina. Na je in ayyana yaƙi wasan ya hana ni. In canza aƙida ne ko in haƙura? Ko in goge in sake sabo?

Kwamanda_Bash: Goge kawai. Tun ranar da ka sa maki 2 a ƙin yaƙi ka gama da kanka. Mai tsananin ƙin yaƙi yaƙin kare kai kaɗai aka yarje masa, ba ka da ikon sa alamar neman mallaka a tauraron wani sai in shi ya fara taɓa ka. Ka ɗauki son yaƙi, matsakaicinsa ma yana ƙara saurin harbin jirage da kashi 10, mai tsananin kuma 20, ga rangwamen influwens, wato makin tasiri da ake kashewa, wajen neman yankin mutane. Ni tun 2016 da kamfanin Paradox suka fitar da wasan nake bugawa, ban taɓa ganin fasifis, wato mai ƙin yaƙi, ya kai labari ba.

Maman_Nova: Sadiq ƙarfin jiragenka nawa, nasa nawa? Wane matakin wahala ka sa? Ka ba mu labarin tuta da tsuntsaye amma ainihin abin da za a duba ba ka faɗa ba.

Sadiq_Taurari: Jiragen dai akwai su daidai gwargwado. Amma Kwamanda ai ba don cin duniya na fara ba, kuma kwanciyar hankalin da aƙidar ke ƙarawa duniyoyina ba ƙaramin abu ba ne, ban taɓa ganin tawaye ba ko sau ɗaya.

Kwamanda_Bash: Kwanciyar hankali a cikin keji. Bari a wuce 2400 masifar ƙarshen wasa ta sauko, ko Prethoryn ko Unbidden, maharan nan da ke zuwa share kowa, sai ka gaya musu jama'arka na cikin farin ciki mu ga ko za su juya.

Habu_Dattijo: Ku yara kun samu sauƙi. Wasan Galactic Civilizations II na kamfanin Stardock, 2006, can ne ake gwada halin mutum. Ka sauka a sabuwar duniya sai a fito maka da zaɓi uku, misali an tarar da wasu halittu ƴan asalin wurin, in ka kyale su ka yi asarar fili ko kuɗi, in ka bautar da su ka samu riba nan take, ga kuma na tsakiya. Kusan kullum mugunta ce ke biya. Kana ta danna na mugunta kana cewa wannan karon ne kawai, sai ka binciko fasahar Xeno Ethics a nuna maka inda ka karkata, in kana son komawa nagari sai ka biya kuɗi. Na taɓa wayar gari na ga Drengin, mugayen wasan, su ne suke mini fara'a, Altarian mutanen kirki sun ɗaure fuska, ranar na san na lalace 😂

Zee_Kwamfuta: Baba Habu ai gara ku, naku babu buga wa da mutane. Ni abokina muka kafa tarayya da shi, ni mai son baƙi da daidaito, na yi ta tura masa aloi, ƙarfen da ake ƙera jirage da shi, yana gina jirage wai zai kare mu duka, ashe jira yake ya ƙoshi, ya fice daga tarayyar ya dawo ya mai da ni ɗan amshin shata. Har yau in ya turo gayyata ba na shiga. Mutumin kirki a wasannin nan shi ne abincin kowa.

Maman_Nova: Zee wannan matsalar zaɓen aboki ce ba ta aƙida ba. Sadiq kar ka goge. Buɗe shafin ƙungiyoyin siyasa na daularka, in akwai ƙungiyar masu son yaƙi kuma tana da goyon baya isasshe za ka iya rungumarta, sai ka sauko mataki ɗaya, daga mai tsanani zuwa matsakaicin fasifis. Shi wannan an yarda ya yi yaƙin ƴantarwa, wato ka tilasta wa maƙwabcin aƙidarka, abin da ya fito daga ciki ya zama mai ra'ayi irin naka, ya buɗe maka iyaka, ka ja shi tarayya. Ba ka ƙwaci ƙasar kowa ba. Sai dai sauran ƙungiyoyin za su yi fushi na wani lokaci, ka shirya.

Kwamanda_Bash: Wato ka yi yaƙi, ka kashe jirage, ka yi ruwan bama-bamai a duniyoyinsu, sannan ka tashi hannu rabbana ka ce ai ni mai zaman lafiya ne. In za ka sha giya sha ta dubu malam. Ko dai ka zama mayaƙi sosai, ko in zaman gida kake so ka haɗa ƙin yaƙi da ƙin baƙi ka ɗauki Inward Perfection, tsarin nan na ware kai daga kowa, ka rufe ƙofa. Wannan rabi da rabin shi ne mafi muni.

Sadiq_Taurari: Maman Nova na gode amma in na rungumi masu son yaƙi ai labarin da na rubuta ya rushe, rantsuwa fa suka yi. Kuma Kwamanda rufe ƙofa ba zai yiwu ba, ƴan gudun hijiran nan yanzu su ne suka cika min guraben bincike a duniyoyi biyu, son baƙin ne ya kawo su.

Zee_Kwamfuta: Au to ashe kana cin ribar korar da ake musu ma 😅

Sadiq_Taurari: Haba Zee, ba haka nake nufi ba. Ni abin da ke damuna ina kallo ana share su ina da hali amma hannuna a ɗaure, kuma ni na ɗaure shi.

Habu_Dattijo: To ka tsokane shi mana. Ka zage shi ta diflomasiyya, ka ayyana shi abokin gaba, ka ƙarfafa tashar da ke bakin hanyar nan, in ya kawo hari ai ya zama kare kai, rantsuwarka na nan.

Maman_Nova: In ya ga ka fi shi ƙarfi ba zai zo ba, in kuma ya fi ka zai zo ya cinye ka. Shi ya sa tun ɗazu nake tambayar ƙarfin jiragen.

Kwamanda_Bash: Ba zai faɗa ba saboda babu su. Ku ƙwace madannaina in jiragensa sun kai rabin na maƙwabcin.

Sadiq_Taurari: Ba wai babu ba ne, aloi ɗin na zuba a gina mazaunan sararin sama saboda baƙin su samu wurin zama. Tsokanar ma ni ina ganin kamar yaudara ce, tsuntsayena ba za su yi haka ba. Bari dai in bar shi a tsaye zuwa dare in ƙara tunani. Akwai wanda ya san ko ƙungiyar masu son yaƙin za ta iya ɓacewa da kanta in na ƙi kula ta? Don yanzu na duba, ta kusa kamo ta zaman lafiyar a yawa.

Kwamanda_Bash: Ka ga ko tsuntsayen naka sun gaji da kai.