Shawara kan gam ɗin noti a ƙusoshin bel na babur ɗin ƙanƙara

Baban Hanifa, Sudbury:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar babur ɗin ƙanƙara. Wanda na saya na hannu ya zo da ƙusoshi 144 na riƙe ƙanƙara a jikin bel ɗinsa, wato faffaɗar robar da yake tafiya a kanta, kuma da na ɗaga bayansa ina juya bel ɗin sai na tarar da notuna da dama suna juyawa da yatsa kawai, wasu ƙusoshin ma babu su gaba ɗaya, sai ramukansu. Niyyata ita ce in kwance su duka in sa musu gam ɗin noti kafin a buɗe hanyoyin OFSC, wato ƙungiyar masu babur ɗin ƙanƙara ta lardin Ontario. Wanne ya fi dacewa da wannan aiki, shuɗi ko ja?

Ɗan Zazzau, Duluth:
Wa alaikumus salam. Ka sa shuɗi, Loctite 243, kuma kada jan ya kusanci bel ɗinka.

Bakano, Winnipeg:
Ni ja nake sa wa nawa, domin ban ga dalilin da zai sa in so ƙusa ta kwantu ba bayan na ɗaure ta.

Ɗan Zazzau, Duluth:
Ranar da ƙusa ɗaya ta lanƙwashe ko kanta ya guntule za ka ga dalilin, Malam. Jan ba ya sakin tiredi sai an gasa shi da wuta har kusan digiri 250 a ma'aunin Celsius, kuma ban san yadda za ka kai noti wannan zafi ba tare da robar da yake zaune a kanta ta ƙone ba.

Alhaji na Thunder Bay:
Baban Hanifa, kafin ka je shago ka ba ni dama in ba ka labarin abin da ya same ni, domin ina ganin tambayar shuɗi ko ja ta zo a mataki na biyu.

Na kai babur ɗina wani gareji a tsakiyar hunturu aka sa masa ƙusoshi sababbi. Wurin babu ɗumi, bel ɗin ya sandare saboda sanyi, kuma yaron da ya yi aikin da injin ɗaure noti ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga wa kowace jan gam. Mai garejin ya tabbatar mini cewa har babur ɗin ya tsufa babu notin da zai motsa, kuma a wannan magana bai yi ƙarya ba. Muna tsakiyar daji, nesa da titi, sai fitilar zafin inji ta kama, na tsaya na leƙa na ga ruwan inji yana tsiyaya a kan ƙanƙara. Ƙusa ɗaya ce ta yage daga bel, ta yi sama ta huda lagireton da ke shimfiɗe a ƙarƙashin mazauni, wanda bel ɗin yake watsa wa ƙanƙara don ya huce. Sai da aka cire bel ɗin inji, ba mai ƙusoshin ba, aka ja ni da igiya har inda muka bar tirela.

Da muka zaro ƙusar daga inda ta maƙale, notinta yana nan daram a inda aka ɗaure shi, farantinta da ke ƙarƙashin notin ma yana nan, ko kaɗan bai juya ba. Abin da ya faru shi ne ƙusar nan ba ƙarfe da ƙarfe take matsewa ba, roba ce tsakanin kanta da farantin. An ɗaure ta lokacin da robar take da tauri, kan ƙusar bai nutse ya daidaita da cikin bel ba, kuma da bel ɗin ya yi ɗumi da gudu sai robar ta lotsa, aka samu 'yar tazara. Daga nan ƙusar ta fara rawa a cikin raminta, duk lokacin da ta caki ƙanƙara sai ta ƙara faɗaɗa ramin, har zaren da ke cikin bel ɗin ya tsinke ta fice da kanta da komai. Kamar wanda ya ɗaure buhun auduga ne da igiya, ƙullin yana nan bai kwance ba, amma audugar ta kwanta, igiyar ta yi sako-sako.

Da na bi sauran na tarar da yawancinsu a wannan hali, kuma a nan ne jan gam ya nuna mini illarsa, domin babu wanda na iya ƙara wa ɗauri. Wasu na sa ƙarfi sai kan ƙusar ya cinye, wasu dole aka yanke su da abin yankan ƙarfe ana kare robar da jiƙaƙƙen tsumma. Kuɗin walda lagireton da sayen wasu ƙusoshin ya ninka abin da na biya tun farko.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara duba ramukan waɗanda suka yi sako-sako. Duk ramin da ya faɗaɗa ko ka ga zare yana leƙowa daga gefensa, babu gam ɗin da zai yi masa magani, ka bar shi babu ƙusa.

Baban Hanifa, Sudbury:
Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Zan duba ramukan yau da daddare.

Injiniya, Edmonton:
Maganar Alhaji gaskiya ce, kuma ina so in ƙara bayani kan yadda gam ɗin yake aiki, domin yawancin waɗanda suke cewa bai yi musu amfani ba ba su ba shi abin da yake buƙata ba ne. Irin wannan gam ba ya bushewa da iska kamar wanda muka saba da shi. Yana daskarewa ne idan iska ta yanke masa kuma yana taɓa ƙarfe, shi ya sa wanda ya malalo waje zai zauna ruwa-ruwa, na cikin tiredi kuwa ya zama kamar filastik mai tauri. A ɗaki mai ɗumin digiri 22 yana kamawa cikin mintuna, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan awa 24. A gareji mai sanyi lokacin yana tsawaita sosai, kuma wanda ya sa shi da yamma a waje ya hau da safe, da gam mai ruwa ya fita.

Ƙarfen ma yana da tasiri. A kan baƙin ƙarfe da tagulla yana kamawa da wuri, a kan ƙarfen da ba ya tsatsa ko alminiyam mai launi kuwa yana jinkiri, kuma dogayen notunan da ake sa wa ƙusoshin nan da yawansu na alminiyam ne. Wannan ne ya sa na fi son 243 a kan 242, wanda shi ma shuɗi ne, domin an yi shi ya kama a irin waɗannan ƙarafa kuma yana jure ɗan maiƙo. Wanda yake da 242 a gida sai ya wanke tiredin da ruwan wanke birki, ya fesa masa 7649, sinadarin Loctite da ke sa gam ɗin ya kama da wuri, sannan ya ɗiga. Sanyin hanya bayan ya daskare ba matsala ba ce, yana jure har digiri 55 ƙasa da sifili.

Maman Sadiq, Saguenay:
Ina da tambaya ga Injiniya. Farantan da ke kan bel ɗinmu na filastik ne. Shin gam ɗin ba zai ɓata su ba?

Injiniya, Edmonton:
Tambaya ce mai kyau, Hajiya. Su kansu masu yin gam ɗin sun rubuta a takardarsa cewa ba a saba amfani da shi a kan filastik ba, domin yana sa wasu nau'o'insa su tsattsage. Idan farantin naku irin wanda shi kansa ne notin, wato ana murɗa shi kai tsaye a kan ƙusa, kada ku sa masa komai sai abin da kamfanin ya rubuta. Idan kuwa akwai notin ƙarfe a samansa, ɗigo ɗaya ya isa, kuma a goge wanda ya malalo kafin ya zauna a kan farantin.

Malam Tela, Timmins:
Ni ban taɓa sa gam ba, kuma ban taɓa rasa noti ba. Notunan da suke zuwa da ƙusoshin Woody's da na Stud Boy suna da zoben nailan a bakinsu, aikin zoben ke nan, ya riƙe tiredi. Abin da mutane suke yi shi ne su kwance noti su mayar da shi sau da yawa, alhali zoben idan tiredi ya ratsa shi ya fita, riƙonsa ya ragu. Baban Hanifa, tunda kwance su za ka yi, ka zubar da tsofaffin ka sayi sababbi, ka shigar da babur ɗin wuri mai ɗumi ya kwana, ka ɗaure da hannu har kan ƙusar ya daidaita da cikin bel, ka bi adadin ɗaurin da aka rubuta a takardar ƙusoshin da sifana mai awo. Bayan fitar farko ka sake bin su duka. Wanda ya sa gam ba zai iya wannan bi na biyu ba sai ya karya abin da ya daskare, daga nan kuma gam ɗin ya tashi aiki.

Ɗan Zazzau, Duluth:
To ai sai ya jira, ya yi fitar farko babu gam, robar ta gama kwanciya, sannan ya kwance su ɗaya-ɗaya ya ɗiga shuɗi ya mayar.

Malam Tela, Timmins:
Wato ya kwance notuna 144 ya raunana zoben kowanne, don ya maye gurbin riƙon da ya ɓata da hannunsa. Ban ga ribar wannan ba.

Injiniya, Edmonton:
Akwai kore, lamba 290, wanda aka yi don a ɗiga bayan an gama ɗauri, siriri ne yana tsotsuwa cikin tiredi da kansa. A kan noti marar zobe zai warware wannan gardama. A kan mai zobe kuwa nailan ɗin ya toshe bakin da zai bi ya shiga, don haka ba zan ba da shawararsa ba.

Bakano, Winnipeg:
Duk wannan dogon lissafi na masu hawa Polaris ne, su da babur ɗinsu yake karkaɗa notuna tun yana tsaye. Mu masu Ski-Doo ja ɗaya muke ɗigawa mu manta.

Ɗan Zazzau, Duluth:
Bakano ke nan, ya ga abu ja ya ɗauka ya fi tsada ya saya. Ina ma zargin shuɗi kake sawa ba ka sani ba, domin kwalaben gam ɗin noti na Loctite jajaye ne, abin da ke ciki ne yake da launi daban. Ka je ka karanta lambar da ke jikin taka ka faɗa mana. Game da Polaris kuwa, a Roseau ta jiharmu Minnesota ake ƙera shi tun kafin Ski-Doo ya fito daga Valcourt a 1959, don haka ka girmama na gaba da kai.

Bakano, Winnipeg:
Lambar 271 ce, kuma na san launin abin da nake ɗigawa, Bazazzage.

Maman Sadiq, Saguenay:
Valcourt ɗin dai a lardinmu na Quebec take, don haka a yi a hankali da ita.

Alhaji na Thunder Bay:
Ku bar wasan tukuna, akwai abin da nake so Baban Hanifa ya duba wanda ya fi gam muhimmanci, shi ne tsawon ƙusoshin. Tunda ba kai ka sa su ba, ka auna yadda tsininsu ya zarce tudun robar bel. Abin da aka saba shi ne tsakanin kwata na inci zuwa kashi uku cikin takwas. Idan ya wuce haka, duk cakar da ta yi ƙusar tana samun ƙarin ƙarfin lanƙwasa da take juye wa noti da faranti, kuma irin waɗannan ne suke fara kwancewa, dogon noti ma don ya tallafi jikin ƙusa aka yi shi. Ka leƙa kuma ka ga ko akwai sandunan kariya a rufin da ke saman bel, domin su ne suke hana tsinin taɓa lagireto idan bel ɗin ya yi tsalle.

Baban Hanifa, Sudbury:
Na leƙa yanzu da tocila. Sandunan kariya suna nan, amma waɗanda suka ɓata duka a gefen bel suke, a layin waje, na tsakiya ba su da matsala sosai.

Malam Tela, Timmins:
Haka ake tsammani. Layin waje ne yake shan wahala a kwana, kuma robar wurin ba ta da abin da ya tallafe ta. Ni da zan sa maka, da na cire na waje gaba ɗaya na bar 96 a tsakiya, sun isa babur da ba tsere ake yi da shi ba.

Bakano, Winnipeg:
96 ba za su tsayar da kai a kan tafki ba idan ƙanƙarar ta zama gilashi. Ka zo Tafkin Winnipeg ka taka birki da su ka gani.

Injiniya, Edmonton:
Adadin yana bin ƙarfin inji da tsawon bel ne, kamfanonin ƙusa suna da jadawalinsa. Baban Hanifa bai faɗa mana girman injinsa ba. Kuma duk wanda ya rage ko ya ƙara ƙusoshi dole ya duba ƙarafan da ke ƙarƙashin takalman gaba, domin idan baya ya fi gaba riƙo, za ka karya kwana babur ɗin ya miƙe da kai.

Baban Hanifa, Sudbury:
Injin mai cc 600 ne, bel ɗin kuma inci 129.

Maman Sadiq, Saguenay:
Mu a ƙarshe mun gaji da bin notuna kowace shekara, muka sauya zuwa Ice Ripper na Camso, wanda ƙananan ƙusoshinsa a cikin tudun robar suke tun daga masana'anta. Ba ya cizon ƙanƙara kamar dogayen, amma babu noti ko ɗaya a jikinsa.

Ɗan Zazzau, Duluth:
Hajiya, ko za ki gaya mana yadda yake a gangara idan hanya ta yi santsi da yamma? Ina tunanin sa wa na yarana shi.

Maman Sadiq, Saguenay:
Yana riƙewa yadda ya kamata idan ba a yi gaggawa ba, sai dai a kan tafki bai kai ƙusoshin noti ba, musamman wajen tsayawa. Ga yara ina ganin ya fi dacewa.

Malam Tela, Timmins:
Ɗan Zazzau, kafin ka yi oda ka tabbatar tazarar haƙoran bel ɗin ta yi daidai da ta abin da yake juya shi a naka, domin akwai mai inci 2.52 akwai mai 2.86, kuma ba sa hawa kan juna. Wace shekara ce babur ɗin yaran?