Waɗanda suka ajiye kaki suka kama aikin bishiya a Birtaniya, ku ba mu labari

Kofur mai shirin fita:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura mini wata takwas in ajiye kaki, bayan shekara tara a rundunar sojan Birtaniya. Zaman ofis ba zai karɓe ni ba. Hankalina ya karkata ga gyaran bishiyoyi, wato hawa da datse rassa da kayarwa. Na zauna da mutanen CTP, masu taimaka wa sojojin da za su ajiye kaki wajen neman aiki, sun ba ni sunayen kwasa-kwasai, amma na fi son ji daga bakin wanda ya riƙe zarto da hannunsa. Ta ina kuka fara?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam ƙanena. Daga ƙasa na fara, kuma kai ma daga nan za ka fara. Takardun da za a tambaye ka su ne na NPTC, hukumar da ke jarraba ƙwarewa a wannan aiki, waɗanda har yau ake kira da tsoffin lambobinsu: CS30 kula da zarto mai inji da gutsuttsura itace, CS31 kayar da bishiyar da kaurinta bai wuce milimita 380 ba, CS38 hawa da ceto mutum daga sama, sai CS39 yanka da zarto kana rataye. Na same su duka kafin in fita, na ɗauka washegari zan hau. Ina! Shekara guda cur ina jan rassa zuwa injin markaɗe, ina shara, ina riƙe igiya. Mai ba ni umarni daga sama yaro ne ɗan shekara 23, ni kuwa da na jagoranci mutum talatin. Watan farko abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Sai wata rana na tsaya ina kallon yadda yake sauke wani ƙaton reshe a kan rufin gilashi, guntu-guntu, ko ganye bai taɓa gilashin ba. Tun ranar na riƙa tambayarsa komai, kuma shi ya koya mini hawa na gaske.

Mai hawa:
Gaskiya Saje ya faɗa. Ni kan kuɗi zan yi magana. Tallafin karatu na ELC da ake ba sojoji kashi 80 cikin 100 yake biya, sauran daga aljihunka, kuma sai kwas ya kai mataki na 3 a tsarin takardun shaidar karatu na Birtaniya. Ka tabbatar makarantar tana cikin jerin ELCAS, masu kula da tallafin, kafin ka ba da ko sisi. Kayan aiki ma suna cin kuɗi: ɗamarar hawa, igiyoyi biyu, hular kwano mai kariyar kunne, da wandon zarto samfurin C mai kare ƙafa gaba da baya. Doka ta ce duk wata shida a duba kayan hawa.

Tsohon ma'aikacin jinya na runduna:
Akwai abin da muka fito da shi daga bariki wanda suke nema. A shekarata ta biyu zarto ya yi tsalle ya kama abokin aikina a hannun hagu, yana can sama. Sauran suka daskare. Ni kuwa hannuna ya riga tunanina, na hau, na ɗaure masa hannu sama da raunin, na sauko da shi kafin motar asibiti ta iso. Yau yana aiki. Kada ka hau ba abin tsai da jini a jikin ɗamararka, kuma kada ka hau in babu wani a ƙasa mai takardar ceto da kayansa a kusa.

Wani ɗan'uwa:
Ni ban daɗe ba. Kamfanin da na fara da shi kuɗin yini suke biya, ranar da iska ta yi yawa ba aiki ba kuɗi. Ga gwiwata dama ta lalace tun ina ɗaukar kaya a soja. Bayan hunturu biyu yatsuna suka fara fari suna mutuwa saboda girgizar zarto. Na koma duba lafiyar bishiyoyi, kuma ina jin daɗinsa. Ka je likita ya duba gwiwa da bayanka tun kana cikin kaki.

Tsohon Saje:
Na manta abu guda. Ƙarfi ba ya isa, sai ka san itacen. Cutar da ke kashe bishiyar ash, wadda aka gano a ƙasar nan a 2012, tana sa reshe ya karye kamar kara, da yawa ba ma yarda mu hau su. Kafin ka taɓa bishiya ka tambayi ƙaramar hukuma ko tana da kariyar TPO, wato umarnin da ya hana taɓa ta ba izini. A unguwannin da aka keɓe don tarihi kuwa, sanarwar mako shida ake bayarwa. Daga Maris zuwa Agusta ka duba sheƙar tsuntsaye kafin ka tada inji.

Kofur mai shirin fita:
Allah ya saka da alheri, manyana. Ina da hutu wata mai zuwa, zan nemi wani kamfani in yi musu mako biyu ina jan rassa kafin in biya kuɗin kwas. Oga Saje, wane takalmi kake sawa na hawa?