Abokin cinikina yana so ya shigar da ni loj, ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi min uzuri ban sa sunana ba. Akwai 'yan uwana a nan, kuma maganar ba ta kai kunnen mahaifiyata ba tukuna.

Shekarata 41, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazin, nan Kumasi. Akwai wani Batone, wato mutumin Ashanti, da muka fi shekara 12 muna ciniki tare, ban taɓa kama shi da ha'incin ko pesuwa ɗaya ba. Lokacin da kayana suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema, shi ya ranta min kuɗin fitar da su, babu takarda babu shaida. Watan jiya bayan mun rufe shago ya zaunar da ni cikin motarsa, ya gaya min shi ɗan loj ne, wato ƙungiyar 'yan uwantaka mai sirri da ake kira Firimesin. Ya ce su ba sa roƙon kowa ya shiga, amma in na nuna ina so zai tsaya min, ya samo mutum na biyu da zai mara masa baya, sannan a jefa min ƙuri'a. Ya ce ba addini ba ne, sharaɗinsu dai mutum ya yarda akwai Mahalicci, kuma musulmi da Alƙur'ani yake rantsuwarsa.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ke ja na. Bara mahaifina ya yi mako bakwai a asibiti kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kaɗai na ɗauki komai, har sai da na sayar da rabin kayan shagona a kan asara. Jama'a sun cika jana'iza, Allah ya saka musu, amma a makonnin jinya mutum uku ne kawai suka tambaye ni yaya nake yi da kuɗin magani. Muna da ƙungiyar zumunci ta mu 30 da muka tashi layi ɗaya, sai ma'ajinmu ya yi tafiya da abin da ke asusu, daga nan kowa ya watse. Da mahaifiyar abokin nan nawa ta rasu kuwa, na je na ga 'yan uwansa na loj cikin baƙaƙen kwat, sun jeru, wannan yana karɓar baƙi, wancan yana lura da lissafi, shi ko kujera bai ɗaga ba. Wallahi na tsaya ina kallo, zuciyata ta yi nauyi.

Shin musulmi zai iya shiga? In ba zai iya ba, ina ɗan zango zai sami irin wannan gata? Ina da yara huɗu, ba na so babbansu ya sha abin da na sha.

Wani matashi, Akwatiya Layin:

Yaya ka gudu! Waɗannan mutanen jini suke sha, in ka shiga sai ka ba da ɗanka na fari. Kowa ya san haka.

Malamin makarantar allo, Asawase:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa. Kafin in amsa maka, ɗana na Akwatiya Layin, ka janye wannan magana. Ka gani da idonka? Addininmu bai yarda mu yi wa mutum ƙage ba, ko da ba musulmi ba ne. Sarkin Ashanti Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda muke zaune a ƙasarsa lafiya, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ɗan ƙungiyar ne, haka ma tsohon shugaban ƙasa Kufuor. Ba a buƙatar ƙarya kafin a hana mutum abin da bai dace da shi ba.

Kai kuma mai tambaya, shawarata kada ka shiga. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar musulmin duniya, ta zauna a Makka a 1978, ta hana musulmi shiga wannan ƙungiya da kakkausan lafazi. Ba mu kaɗai ba ne: cocin Katolika ma ya sake jaddada hana mabiyansa a 1983, shi ya sa za ka ga Katolikan Gana suna da tasu ƙungiyar 'yan uwantaka, Naits of Mashal, wadda suka kafa a Sekondi tun 1926.

Amma ajiye fatawa, mu yi magana irin ta Magazin. Ka taɓa biyan kuɗin inji ba ka sa an buɗe shi ka duba ciki ba? A loj za ka ɗora hannu a kan Littafin Allah ka rantse za ka riƙe sirrin da ba a nuna maka ba tukuna, kuma matakai uku ne, kowane da tasa rantsuwar. Ranar da ka tarar da abin da zuciyarka ta ƙi, ka riga ka ɗaure kanka. Abin da ya fi damuna ke nan. Sannan ka tuna mu gawarmu ba ta kwana ba dole ba. Masu yi maka wanka da sallah da kai ka makwanci su ne mutanen layinku. Kada ka sa musu shakka a kanka tun kana raye, domin a zango magana ba ta ɓuya.

Wani dattijo, Yalwa:

Jikata ce ke rubuta min wannan, ni idona ya yi rauni. Ɗana, kukanka ya taɓa ni, domin abin da ka gani a wajen abokinka mu ma muna da shi a da, mu muka bari ya mutu.

Lokacin da gwamnatin Busiya ta kafa dokar korar baƙi a ƙarshen 1969, aka ba mutane mako biyu su tattara su tafi, ina saurayi. Na ga iyayenmu sun zauna a zaure da littafi. Wanda zai tafi ya bar amanar ɗakinsa ko rumfarsa a hannun ɗan ƙungiyarsu, aka rubuta. Aka tara wa marasa hali kuɗin mota. Kowace ƙabila da sarkinta, Mosi, Zabarmawa, Wangara, Kotokoli, Hausawa, baƙo ya sauka daga arewa a kai shi wajen mai masaukin mutanensa, in ya mutu ba shi da kowa su za su saya masa likkafani. Ba baƙin kwat, ba kulle ƙofa. Littafi ne da amana.

Loj kuwa tun zamanin Turawa take, daga Kep Kos ta faro, ta lauyoyi da likitoci da manyan akawu ce. A farkon mulkin Rolins na biyu na ga yadda aka taso musu, wanda yake ciki sai ya ɓoye. Yau an daina tsoro. Amma kai ka tambayi kanka, in ka shiga, da wa za ka zauna? Za ka je cikin mutanen da bukinsu ba irin naka ba, makokinsu ba irin naka ba, teburinsu akwai abin shan da kai ba ka taɓawa. Za su girmama ka, na yarda. Sai dai kullum kai ne baƙo.

Magajiyar wata ƙungiyar mata, Sawaba:

Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri. Malam da Baba sun yi maganar loj, ni ta ƙungiyarku da ta watse zan yi, don nan ne ciwon yake.

Tamu shekararta 17, mu 64, yawancinmu masu sayar da wake da shinkafa ne, da masu koko, da 'yan kasuwar Kejetiya. Ba mu fi ku kuɗi ba. Abin da ya raya mu, ba ma jin kunyar juna a kan kuɗi. Ku maza ku zauna a bes, wajen hirarku, kuna shan ataya har tsakar dare, amma a ce wa wane bai biya na wata uku ba sai kowa ya sunkuyar da kai, wai abokin yarinta ne. Haka ƙungiya ke mutuwa, tun kafin ma'aji ya gudu.

Mu duk ranar Lahadi bayan la'asar muke zama. Kowace mace sidi 20. Wadda ta makara sidi 5, ni ma da nake magajiya na sha biya. Kuɗi ba ya kwana a hannun kowa: asusun banki ne da sunan ƙungiya, mutum uku ke sa hannu, kuma ba mu yarda biyu su fito gida ɗaya ba. Wadda ta turo ta momo, wato ta waya, sakatariya za ta karanta saƙon a gaban kowa. Farkon kowane wata a kawo takardar banki a zagaya da ita hannu-hannu, wadda ba ta iya karatu ba 'yarta ta karanta mata.

Abin da ya fi muhimmanci, mun raba asusu biyu. Akwai na buki, wato aure da suna da yayi, tufar da muke ɗinkawa iri ɗaya. Akwai na jinya da rasuwa, wannan ko aurenki za a fasa ba a taɓa shi. Da farko haɗe suke, sai wata shekara aure biyar suka zo a jere bayan babbar sallah, asusu ya ƙare ƙaf, sannan mijin wata cikinmu ya faɗi ciwo ba mu da abin ba ta. Na kai mata sidi 100 na aljihuna ina jin kunya kamar in nutse. Tun ranar muka raba. Kuma duk shekara sakatariya tana bin katin inshorar lafiya na kowa, ta danna *929# ta sabunta daga asusu, kada a kai mace asibiti a tarar katinta ya mutu.

Doka ɗaya kuma: kuɗin 'yan siyasa ba ya shiga asusunmu. Lokacin zaɓe za su zo da kujeru da rumfa da ambulan. Na ga ƙungiyoyin samari da yawa a nan da ambulan ɗaya ta raba. Mai son jam'iyyarta ta je ta yi, amma ba da sunanmu ba.

Ku 30 ne, ka ce. Ba za ka rasa 10 masu mutunci a ciki ba. Fara da su.

Ɗan Rotari, Asokore Mampon:

Ɗan'uwa, mutanenmu suna haɗa ƙungiyoyin agaji na Rotari da Layons da loj a kwando ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Rotari a Shikago ta Amurka aka kafa ta a 1905. Ba rantsuwar sirri, ba kulle ƙofa, baƙo yana iya zuwa ya zauna ya ji duk abin da ake tattaunawa. Aikinta rijiyoyin burtsatse, gyaran azuzuwa, da yaƙi da cutar shan inna da ta sa a gaba tun 1985. Shekarata 6 a ciki, ina tashi in yi sallata in dawo. Amma in gaya maka gaskiya, ba ita ce maganin damuwarka ba. A can kai ne za ka riƙa fitar da kuɗi saboda wasu. Za ka san mutane, amma babu asusun jinyar mahaifinka.

Malamin makarantar allo, Asawase:

Alhaji, don amanar ilimi: waccan fatawa ta 1978 ta ambaci Rotari da Layons ma. Na san akwai malaman da ke bambanta su saboda rashin rantsuwa da sirri, kuma ban ce kana kan ɓata ba. Mai son shiga dai ya zauna da malamin da ya yarda da shi tukuna.

Wata 'yar'uwa, Tafo:

Yaya, kowa na maganar loj, ni abokin nan naka nake tunani. Mutumin da ya ranta maka kuɗi ba takarda, sannan ya buɗe maka cikinsa, ya ɗauke ka ɗan'uwa ne. Kada ka amsa masa ta waya, kada kuma ka fara ɓuya masa. Ka je gidansa da kanka, ka riƙe wani abu a hannu, ka gode masa, ka ce addininka ne bai ba ka dama ba. Tonawa suna ganin girman mutumin da ya riƙe abin gidansu. In an yi masa rasuwa ka je ka zauna, ka ba da nsawa, wato gudummawar makoki, yadda suke yi a rubuta sunanka. Sirrin da ya gaya maka kuma ya tsaya a cikinka.

Mai tambaya, daga Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, maganar inji ta shige ni, na kwana ina juya ta. Ba zan shiga ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je gidan abokina kamar yadda ƙanwata ta Tafo ta ce, ko da yake har yanzu ban san da wane baki zan fara ba.

Baba, da na karanta naka sai na tuna da wata jakar mahaifina da ba mu buɗe ba tun bayan addu'ar arba'in. Jiya na buɗe. Akwai littafi mai baƙin bango, sunaye da ajami, gaban kowane suna an ja layuka an yi alamar biya. Wasu sunayen na gane su, kakannin abokaina ne. Na daɗe zaune da shi a hannu.

Na kira mutum bakwai cikin tsofaffin 'yan ƙungiyarmu, biyar sun ce za su zo gidana ranar Juma'a bayan isha'i. Hajiya magajiya, ga inda na tsaya: ƙanen ma'ajin da ya tafi da kuɗinmu yana cikin waɗanda suka amsa. Yaron kirki ne, ba ruwansa da abin da yayansa ya yi, amma biyu cikin abokaina sun ce in yana ciki su ba sa ciki. A ƙungiyarku, yaya kuke yi da irin wannan?