Neman shawara: yaya zan lissafa ko allurar ƙyanda za ta tsayar da annoba a gundumarmu?

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum, malamai. Damina ta wuce, mutane sun fara dawowa gari, kun san lokacin ƙyanda ke nan yana ƙaratowa. Abin da ke hannuna shi ne rahoton sati-sati na CSI, wato ƙananan asibitocin gundumarmu, da adadin yaran da aka yi wa allura a shekarun baya, sai Excel. Ina son lissafin da zai nuna wa shugabanni abu biyu: ko yara marasa kariya sun taru har ciwon na iya ɓarkewa, kuma in ya ɓarke, ƴan wata 6 zuwa 59 kaɗai za a yi wa allura ko a kai har shekara 15. Daga ina zan kama?

Malamin Lissafi, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Excel ya ishe ka. Tsarin da Kermack da McKendrick suka kafa a 1927 kashi uku yake raba jama'a: marasa kariya (S), masu ciwon (I), da waɗanda suka warke ko allura ta kare su (R). Ga ƙyanda akwai sauƙi guda, daga kamuwar yaro zuwa kamuwar wanda ya ɗauka wurinsa kusan sati biyu ne, don haka kowane layi na Excel ka mai da shi sati biyu.

Fara da S, can ne aikin yake. A ce gundumar mutum 100,000 ce, ana haihuwar yara 4,500 a shekara, allura tana kai wa kashi 70 cikin 100. Allurar wata 9 kusan kashi 85 take karewa. To 0.70 sau 0.85 ya ba ka kusan 0.60, wato kashi 40 sun rage, yara 1,800 duk shekara. Cikin shekara biyu da rabi sun kai yawan haihuwar shekara guda, kuma ma'aikatan rigakafi nan suke ɗauka an shiga hatsari.

Sai R0, wato mutum nawa mai ciwo ɗaya zai sa wa inda babu mai kariya ko ɗaya. Na ƙyanda tsakanin 12 da 18 yake, ɗauki 15. Sabbin masu ciwo a kowane layi su ne R0 sau S, a raba da yawan jama'a, sau masu ciwon layin baya. In S 10,000 ne, masu ciwo 20, layi na gaba 30 ne, na bayansa 45. S na sabon layi kuwa tsohon S ne, ka ƙara 70 na jarirai marasa kariya (rabon sati biyu daga 1,800 ɗin nan), ka ɗebe sabbin masu ciwo. Ciwon ba ya ja baya sai S ta sauka ƙasa da kashi ɗaya bisa 15 na jama'a, kusan 6,700.

Hajiya Mai Rigakafi, Tawa:
Malam ya ba ka ƙashin aikin, amma ka yi hattara da kashi 70 ɗin nan. Adadin yaran da ake raba allurai da shi daga ƙidayar 2012 ake hasashensa, shi ya sa kake ganin wani CSI ya rubuta ya wuce kashi 100, alhali ga yara a unguwa ba su taɓa ganin allura ba. A wajen Ƙonni yaran tsallaken iyaka ma suna shiga rajista su kumbura lissafi. A arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, makiyaya ba sa nan ranar da aka zo. Ka zaɓi garuruwa, a shiga gida-gida a duba karnen allurar yara, ka yi aiki da abin da aka gani.

Ga kuskuren da ya fi damuna a irin wannan lissafi. Za a rubuta cewa kamfen ɗin allura zai kai wa kashi 90 na yara, sai a ɗebe kashi 90 daga S. Ba haka abin yake ba. Uwar da ta kai ɗanta awo ita ce ta farko a layi ranar kamfen, wadda ba ta taɓa zuwa ba kuwa ranar ma ba ta zuwa. Ka raba yaran gida biyu: masu karne da waɗanda ba su da ko allura ɗaya, ka ba na biyun kaso ƙasa da na farko. Kuma kada ka dunƙule gunduma wuri guda, kowane CSI da shafinsa, don ciwon inda marasa kariya suka cunkushe yake tashi.

Likita, Yamai:
Kan batun shekaru, muna da darasi a gida. Annobar ƙyanda ta Yamai a 2003 zuwa 2004 ta kama mutum fiye da 10,000. An yi kamfen sati 23 bayan farawarta, ya kai wa kusan kashi 57 na ƴan wata 6 zuwa 59. Da masu bincike suka sa alƙaluman a lissafi, sun ga raguwar masu kamuwa ba ta kai kashi 8 ba. Lissafin ya nuna da an shiga cikin kwana 60 na farko, aka faɗaɗa har shekara 15, raguwar na iya kaiwa kashi 90. Saboda haka ranar fara kamfen ita za ka fi jujjuyawa a Excel: layi na 3, na 5, na 8, ka nuna wa shugabanni bambancin.

Kada ka ɗebe waɗanda aka yi wa allura daga S a layin kamfen ɗin. Jiki na bukatar sati biyu zuwa uku kafin kariya ta kama, sai a layi na gaba. Iyakar shekaru kuma rajistar marasa lafiya ce za ta faɗa maka: jera su bisa shekaru, ka ga inda mafi yawansu suka tsaya. R0 ɗin ma ba tsaye take ba. Nazarin rahotannin Yamai ya nuna yaɗuwar tana hawa da rani, tana faɗuwa da saukar ruwa sa'ad da mutane suka koma gona. In ka bar 15 duk shekara, lissafinka zai ba ka annoba a tsakiyar damina.

Ɗan Adar, Tawa:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: yara da yawa gida ake jinyarsu, ba sa shiga rahoto. Wannan ba zai ɓata lissafin ba?

Malamin Lissafi, Yamai:
Zai ɓata S, don yaron da ya yi ciwo a ɗaki ya fita daga marasa kariya ko ba a rubuta shi ba. Saurin yaɗuwa kuwa bai cika ɓata shi ba: raba adadin sati biyun nan da na sati biyun baya, muddin yadda ake kawo rahoto bai canja ba, amsar ita ce mutum nawa kowane mai ciwo ke sa wa yanzu. Ka bar satin ƙarshe, rahotonsa bai gama isowa ba, zai sa ka zaci ciwon ya lafa. Yi lissafin sau uku: ana ganin rabin masu ciwo, ana ganin ɗaya cikin uku, ana ganin ɗaya cikin biyar. Shawarar da ta tsaya a duka ukun ita za ka kai gaba, kuma ka kai ta da tazara, kaza zuwa kaza, ba lamba ɗaya ba.

Majo, Madawa:
Yaya, ka sa kayan aiki a lissafin, in ba haka ba za ka rubuta kamfen na kwana biyar ya ci sati uku. Ƴan ƙasa da shekara 15 kusan rabin jama'a ne a Nijar. A misalin Malam, a ce yara 47,000. Kwalba mai allura 10 ce, in an dama ta sai a zubar bayan awa 6, don haka ana ninka adadin da 1.18 saboda asarar kashi 15, kusan allura 55,500 ke nan. Duba ko firigo zai ɗauke su tsakanin digiri 2 da 8. In tawaga ɗaya na yin yara 300 a yini, tawaga 20 kwana 8 za su yi, a ruga kuwa ba za su kai 300 ba. Ka ware layi na bitamin A ga masu ciwon, sau biyu a kwana biyu a jere, da kwalaben ɗibar jini, don sai an samu marasa lafiya uku da gwaji ya tabbatar cikin wata guda ake cewa annobar ƙyanda ce.