Cekmet na dole: yaya kuke warware irin waɗannan matsalolin?

Mai Doki: Salam 'yan uwa. Masu zama kan matsalolin wasan ces (chess) ɗin nan na "fari zai yi cekmet a taku biyu ko uku", wato ya rutsa sarkin baƙi ba mafita, don Allah ku ba mu yadda kuke yi. Ni idona kullum kan cek yake, wato kai wa sarki hari, da cek ya ƙare sai kaina ya tsaya cak alhali ba agogo ba abokin karawa.

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam. Ai nan tarkon yake ƙanena. Wadda aka tsara da hannu daban, wadda aka ciro daga wasa daban, masu tsarawa ba sa son takun farko ya zama cek ko ci, suna ganin rashin gwaninta ne. Jera wannan a allo, ita ake dangantawa da gwanin ces Paul Morphy: sarkin fari c8, ruk a1, soja b6, sarkin baƙi a8, bishof b8, sojoji a7 da b7. Duk wanda na jera wa Rxa7 yake kai hannu, wato ruk ya ci sojan a7, bishof ya cinye ruk shi ke nan. Amsar Ra6 ce, ruk ya koma a6, shiru kawai. In sojan b7 ya ci ruk, sojan b6 ya je b7 an gama, in bishof ya gusa sai Rxa7, sojan a7 kuma ba gaba ba ci don an ɗaure shi. Tun daga ita nake fara tambayar kaina, in da baƙi ne zai buga yanzu me yake da shi?

Uwar Biyu: Baba hakan gaskiya ne amma ni kam na cek a jere sun fi min amfani, su nake gani a wasa. Wanda ake shaƙe sarki da yaransa, doki f7, doki h6 cek biyu, sarauniya ta faɗa g8 ruk ya cinye ta dole, doki ya dawo f7. Yana cikin littafin ces na Lucena tun 1497 duk da sunan gwanin ces Philidor ake laƙa masa. Ranar da ya faɗo min a Lichess, shafin buga ces na intanet, sai da na sake duba allon kafin na saki sarauniyar, wallahi hannuna rawa yake, sai ga ruk ɗinsa a g8 ya toshe wa sarkinsa gida na ƙarshe.

Ɗalibi: Ni matsalata waya ce, sai in dinga taɓawa ina gwadawa har ta ce daidai, gobe in ga irinta ban gane ta ba. Yanzu a allon katako nake jerawa, hannu a aljihu har sai na ga duk amsoshin baƙi.

Tsohon Hannu: Madalla. Amma ka yi hankali da Sam Loyd, mutumin Amurka, shi ba ya bin dokar kowa. Matsalarsa mai suna Excelsior ta 1861 taku biyar ce, sojan b2 da ba wanda ke kallo shi ke tafiya har a8 ya yi cekmet.

Mai Doki: To na jera ta Morphy ɗin, Baba in bishof ya je c7 fa?

Tsohon Hannu: Rxa7 ɗin dai, sojan b6 na tsaron ruk.