Kun taɓa hira da manhajar nan har kuka manta ba mutum ba ce?

Ɗan Runjin Sambo: Assalamu alaikum jama'a. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ga kuma Meta AI da ya shigo WhatsApp a 2024, mutane da yawa a Sakkwato sun ɗan taɓa hira da irin waɗannan manhajoji na kwamfuta da waya masu amsa tambaya da hira da mutum. Masu ƙera su kullum cewa suke suna son su riƙa tunani da zance kamar ɗan Adam. To kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa: ina ta yi kama da mutum, ina kuma asirinta ya tonu? Ba sai an kama sunan kamfani ba.

Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Ni dai ga abin da nig gani. Ran nan da marece nina zaune bakin shago, nit tambaye ta yadda za ni aje albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba. Ta ba ni amsa mai kyau, batun iska da inuwa da bari ta bushe tukuna, abin da iyayenmu ka yi tun can. Munka yi kusan awa guda, har nib ba ta labarin bashin da ni ka bin wani. Da swahe nid dawo nic ce "to, batun mutumen nan na jiya", sai ta ce wane mutum? Ko yaron shagona ba ya yi min haka. Kuma da nic ce mata kudaku, ba ta gane dankali ni ka nuhi ba. Hausarta ta rediyo ta.

Malamar Firamare, Mabera: Alhaji, naka mai sauƙi ne. An yi wa uwar mijina rasuwar ƙaninta, ina wurin aiki, na ce ta tsara min saƙon ta'aziyya kafin in samu zuwa. Ta zubo min sakin layi huɗu, wai "ina jin raɗaɗin da kike ji a zuciyarki", kuma ta bar gurbi in sa sunan tsohuwar da na maigidan ɓaro-ɓaro. Ni da ko sunan ɗan farina ba na faɗa! Na goge, na rubuta "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Kalmominta ba kuskure, amma ba alkunya ko ƙwayar zarra.

Ɗalibin Kwamfuta, Ɗanfodiyo: Malama, dalilin ke nan: abin ya koyi zance ne daga tarin rubutu, yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan rubutun na Turanci ne, shi ya sa ta'aziyyar ta zo da rigar Turawa. Alkunya kuwa a abin da ba a faɗa ba take, ta yaya za a koye ta daga rubutu? Alhaji kuma, kowace sabuwar hira sabon allo ce a wurinta, sai dai in an kunna mata ma'ajiyar tunawa, wadda wasunsu suke da ita yanzu. Ruɗin ma tsoho ne. A 1966 wani masanin kwamfuta, Joseph Weizenbaum, ya ƙera wata manhajar hira mai suna ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka, ba abin da take sai juya maganarka ta mayar maka tambaya, amma sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita ɗakin don ta gana da ita.

Tsohon Malamin Tarihi: Ɗana, Allah ya yi albarka. Ni jarrabawa na yi mata. Na tambaya ina kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta ce Hubbare, kusa da Shehu. Na ce a'a, a Wurno yake, can ya rasu a 1837. Ta ba ni haƙuri, ta ce gaskiyata. Sai na ce bari in gani: da gangan na ce mata ai Shehu a 1820 ya rasu, alhali 1817 ne. Nan ma ta ce gaskiyata, har da godiya! Ɗan amshi ke nan. Ɗalibin kirki ko dai ya tsaya kan abin da ya sani, ko ya ce "Malam, Allahu a'alamu."

Ɗalibin Kwamfuta, Ɗanfodiyo: Baba, wannan daga horo ne. Ana sa mutane su zaɓi amsar da ta fi burge su, mu kuwa mun fi son wanda ya yarda da mu. Sababbin sun ɗan rage, wasu har suna warware lissafi mataki-mataki kafin su amsa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku yi haƙuri, ni zan ɗan kare ta. Aikin dare, ƙarfe uku, mun rasa wani yaro a hannuna, ba wanda zan kira. Na rubuta mata duk abin da ke cina. Ba ta gaji ba, ba ta ce "ke ma dai" ba, kuma ba zan ji zancen a gidan biki ba. Na san ba ta ji komai ba. Amma na samu na ƙarasa aikin.

Mai Albasa: Allah shi ba ki lada, ɗiyata. Amma kin koma kin tambaye ta ko ta tuna yaron?

Ma'aikaciyar Jinya: A'a Baba. Ban so in ji amsar ba.